Toka a Gindin Kameliya

Ranar da Alhaji Barmo ya rasu, magana ta ƙarshe da ya yi min ita ce in ba shukarsa ruwa. Ba wasiyya ba ce. Takalmi yake sawa a bakin ƙofa, ya makara, motar da za ta kai shi wajen auna kaya a Baiyun tana jiransa a bakin titi. Ya ce, "Ummu Salma, ki ba mutuniyar ruwa kafin rana ta ɗaga." Daga kicin na ce to, ko leƙowa ban yi ba. Da la'asar sai ga amininsa Munkaila, mutumin Maraɗi, da matarsa Rahila. Suka tsaya a tsakiyar falo, ba wanda ya nemi wurin zama. Wai ƙirji ya dafe yana tsaye kan kayansa, kafin a isa asibiti ya cika.

Na yi salati. Na koma kicin na kashe wutar girki, na rufe tukunya, na dawo na ce su zauna mana. Rahila ta rungume ni tana kuka, ni kuwa ina kallon bayan ɗankwalinta inda zare ya fara warwarewa. Na jira hawaye su zo, ba su zo ba. Washegari aka binne shi a maƙabartar Musulmi ta Guangzhou, maza suka dawo suka ce an yi jama'a, na ce Allah ya ba da lada. Ƙarshen watan Yuni ne na 2008.

Malamin da 'yan kasuwarmu ke bi sallar Juma'a ya ce mace tana yin takaba ne a gidan da mutuwar ta same ta. Bizata tana da sauran rai har farkon Nuwamba, wata huɗu da kwana goma za su shiga ciki da ƙyar. Yaranmu biyu, Zayyad da Nana Khadija, suna Kano wajen kakarsu saboda makaranta. Aka yanke shawara in zauna in gama, sannan in tafi gida. Ban yi musu ba. Da an ce in shiga kwantena a tura ni ta ruwa ma da na shiga.

Gidan namu ƙasan wani tsohon bene ne a bayan Huanshi Lu. Ta baya akwai ɗan lambu, faɗinsa bai wuce tabarma uku ba, katanga ta kewaye shi, barandar maƙwabta na kallonsa daga sama. A nan mutuniyar take. Wani mai masana'antar takalma ne ya ba Alhaji ita tana 'yar tsiro, shekara uku da suka wuce, tun ban zo China ba. Sinawa na ce mata cha-hwa, a takardar da ke ɗaure a reshenta kuma an rubuta kameliya. Tsawonta ya kai ƙuguna, ganyenta kore shar, mai kauri, yana sheƙi kamar an shafa masa man gyaɗa. Tunda na zo ban taɓa ganin ta yi fure ba. Nakan ce masa, "Alhaji, shukar da ba a miya da ita, ba ta ba ka inuwa, sai ma kai ne ke yi mata inuwa, mene ne amfaninta?" Don kuwa wata baƙar raga ya ɗaura mata a sama, ya kuma ajiye durom a ƙarƙashin indararo yana tara mata ruwan sama. Sai ya yi dariya ya ce in bari dai in gani. A shekarar ne ta fara fitar da ƙullin fure, 'yan ƙanana kamar ƙwayar gujiya. Ya kira ni ya nuna min su ɗaya bayan ɗaya, goma sha ɗaya. Ya ce sai sanyi ya shigo za su buɗe, wajen Janairu.

Mai takaba ba ta da abin yi sai zama. Ba kwalli, ba lalle, ba turare, ba fita sai da lalura. Makon farko gidan ya cika da masu gaisuwa, na biyu suka ragu, na uku sai waya. Ba laifinsu ba ne. Shekarar Olamfik ce, an tsaurara biza, kullum sai ka ji wane ya tafi Hong Kong sabuntawa bai dawo ba. Wanda ya rage kuma ba ya fita sai da fasfo a aljihu. Rahila ce kaɗai ba ta fasa zuwa ba, duk bayan kwana biyu, da 'yar ledar cefanenta.

Ina sallah, ina cin abin da aka ajiye a gabana, ina amsa waya. Uwar mijina ta kira tana kuka, ni ce ke ba ta haƙuri da murya irin ta mai karanta labarai a rediyo. Na san ana maganata. Wata 'yar Fagge da ta zo gaisuwa na ji ta a bakin ƙofa tana cewa, "Ita dai wannan akwai tawakkali." Ba tawakkali ba ne. Ban ji komai ba ne kawai, kamar ƙafar da aka daɗe a zaune a kanta. Shekara goma sha huɗu muna tare, mutumin kirki, bai taɓa ɗaga min murya ba, amma in na tuna shi sai in ji kamar labarin mijin wata ake ba ni.

Abu ɗaya na riƙe, shi ne ruwan nan da ya ce in bayar. Na ce a raina, tunda na kasa yi masa kuka, to furen nan da ya jira shekara uku sai ya buɗe, ko ina nan ko ba na nan. Wannan kaɗai nake tashi dominsa da safe.

To ni 'yar manoma ce. A Dawakin Kudu na tashi, a bayan ɗakin innata akwai barkono da yakuwa da tumatir, na san shuka. Da na tsaya na dubi mutuniyar da idon gida, sai na ga Alhaji, Allah ya jiƙansa, ɗan birni ne. Wa ya taɓa rufe shuka da raga? Shukar inuwa ai ba ta yin ƙwari. Na hau kujera na kwance ragar na naɗe. Durom ɗin ruwan sama kuma na ga sauro na ƙyanƙyashewa a ciki, na tuntsurar da shi, na koma ba ta ruwan famfo safe da yamma, bokiti guda-guda.

Ana nan sai na ga wasu 'yan ƙwari sun manne a bayan ganyen. Wannan kam ko yaro ya san maganinsa a garinmu. Ina da toka cike da gwangwanin madara biyu, tokar kaskon turaren wutata da nake tarawa don goge tukwane. Kaskon ma tun ranar rasuwa yake kife. Na barbaɗa wa ganyen, sauran na zuba a gindin na tona na cakuɗa da ƙasa, na bi da ruwa, daidai yadda inna ke yi wa barkononta. Na wanke hannu ina jin na yi wani abu a ranar.

Watan Agusta ya shigo da zafinsa mai ɗanko. Aka buɗe gasar a Beijing. Kowace taga a benen da talbijin a kunne, in an ci zinare sai ihu ya tashi daga sama har ƙasa, a buga ƙafa, kofunan kan kantata su yi ƙara. Ni kuwa ina zaune a bakin ƙofar baya ina kallon ganye yana sauya kala. Da farko sheƙin ne ya tafi. Sai ganyen ya koma rawaya, jijiyoyinsa kaɗai suka rage kore. Na saman kuma suka ƙone daga tsakiya kamar an ɗora musu dutsen guga. Wata safiya na tarar da ƙulli biyu a ƙasa. Na ce ƙwarin ne ba su mutu ba. Na roƙi Rahila ta karɓo min toka wajen wani mai gasa nama a Xiaobei, ta kawo leda guda, na ƙara.

Ƙulli shida suka rage, sannan huɗu. Ina tsince su ina jerawa a kan taga. Ko a lokacin ban ji tashin hankali ba, sai wani irin nauyi a kafaɗa, da tunanin cewa ga abu na biyu yana mutuwa a gidan nan ina tsaye.

Ranar da na zo zuba ragowar tokar ne aka kwatsa min tsawa daga sama. Wata tsohuwa ce a baranda ta biyu, 'yar firit, gashinta fari an yanke shi gajere. Apo ake ce mata, wato kaka da yarensu. Na sha ganin Alhaji yana tsayawa su yi hira ta saman katanga da guntun yaren da ya iya, amma ni tsakanina da ita gaisuwar ni-hawo ce kawai. Ban ankara ba sai ga ta a ƙofata tana bugu. Ta wuce ni ba sallama, da takalmanta a kan dardumata, ta fita lambu. Ta durƙusa, ta damƙi ƙasar ta murza, ta shinshina, ta ɗago ta dube ni. Sai ta fara faɗa. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma faɗan tsohuwa iri ɗaya ne a ko'ina. Ta nuna sama inda ragar take a da, ta nuna durom ɗin da ke kife, ta ƙwace ledar tokar daga hannuna ta yi jifa da ita bayan katanga.

Raina ya ɗan motsa, karo na farko cikin wata biyu. Na ce mata da Hausa, "Ke baiwar Allah, gidanki ne?" Ita ma ta amsa da nata. Muka yi ta yi, kowa da yarensa, har Rahila ta shigo ta same mu.

Sinancin Rahila na kasuwa ne, bai wuce "nawa ne" da "ya yi tsada" da "babu" ba. Apo kuma yaren Kanton take yi, na 'yan garin, sai ta ga dama take juyawa zuwa Sinancin makaranta. Da hannu da ka da zane a ƙasa dai maganar ta fito.

"Yaya, ta ce tokar nan da munka zuba ita ta kashe ta," in ji Rahila. "Wai wannan icce na dutse ne, ƙasa mai tsami yake so. Toka guba ce gare shi. Rana ma guba ce. Ruwan pampo ma bai so."

Na ce, "Toka? Tokar da ake zuba wa barkono?"

"Ta ce wannan ba barkono ba ne."

Na tsaya ina kallon hannuwana, tokar ta shiga ƙarƙashin farce. Garin gyaran gira na tsone ido. Duk abin da ya ɗaura na kwance, duk abin da ya tara na zubar, kuma da kyakkyawar niyya na yi. Na ce Rahila ta tambaye ta ko za ta rayu. Tsohuwar ta karce ɓawon reshe da farcenta, ta ga ɗanye a ciki, ta ɗaga kafaɗa.

Washegari da sassafe ta dawo da 'yar shebur da buhun shinkafa cike da jar ƙasa. Daga baya na ji daga gindin dutsen da suke zuwa motsa jiki ta ɗebo, ta hawo bas da shi a shekarunta. Muka kwashe ƙasar saman da hannu, a hankali, don saiwar mutuniyar a sama-sama take, siririya kamar gashi. In na yi garaje sai ta doke min bayan hannu. Muka zuba sabuwar ƙasa, ta shimfiɗa busasshen ganyen wani icce mai kama da tsintsiya a kai. Ta sa na hau kujera na mayar da ragar, tana ƙasa tana ba da umarni. Durom ya koma ƙarƙashin indararo. Ta yanke rassan da suka mutu, shukar ta koma rabinta. Sannan ta kama yatsana ta cusa a ƙasa har gaɓa ta biyu, ta girgiza kai. Na gane. In da danshi, ba ruwa.

Haka muka yi azumi, ni da ita da mutuniyar. Kullum da hantsi za ta sauko, ta cusa yatsa, in cusa nawa, mu dubi juna. In ƙasar ta bushe in ɗebo moɗa biyu daga durom. In ba ta bushe ba ta ce, "Meyo," wato babu, ta juya ta tafi. Ta koyi cire takalmi a bakin ƙofa, ni kuma na koyi cewa shiye-shiye, wato na gode, ba tare da na ji kunya ba. Wata rana ta kawo min lemo ta ɓare ta miƙo, na nuna mata sama na rufe bakina, ta zauna ta shanye abinta a gabana. Ƙulli uku daga cikin huɗun suka faɗi kafin Sallah. Ɗaya ya rage, a wani reshe na ƙasa da rana ba ta kai gare shi ba.

Cikin Oktoba, lokacin da garin ya cika da baƙin baje kolin Pazhou, sai ga 'yan ganye sababbi a kan rassa biyu, jajaye-jajaye, masu taushi. Apo ta tafa hannu. Ƙullin nan guda kuma ya yi ƙiba, ya kai girman goruba ƙarama tun ba ta nuna ba. Rahila ta ce in kwantar da hankalina, su sai Fabrairu za su tattara su koma Maraɗi gaba ɗaya, don Munkaila ma an ce ba za a ƙara masa biza ba. In furen ya buɗe a Janairu za ta ɗauke shi hoto ta wanko ta aiko min Kano ta hannun masu kargo. Na ji wannan ya ishe ni. In kai hoton in nuna wa yara, in ce ga abin da babanku ya shuka.

Sai tsohuwar ta ɓata lissafin. Ta kama ƙullin da yatsu biyu, ta yi alamar murɗewa, ta dube ni. Na buge hannunta. Aka jira Rahila.

"Ta ce saiwar ba ta warke ba. In anka bar ƙullin nan, icce zai kwashe ƙarfinshi duka shi ba fure. Zai buɗe, amma da wuya icce shi kai bazara. In anka cire, zai rayu. Fure sai baɗi, ko baɗin waccan."

"Baɗi wa ke nan?" na ce. "Ni ba na nan, ke ba kya nan."

Rahila ba ta fassara wannan ba. Apo ba ta da waya mai hoto, ba ta san inda Kano take ba, ko sunana ba ta iya faɗa daidai ba. Ɗaukar shukar kuma ba zance ba ne, ba a shiga jirgi da icce da ƙasarsa, kuma zafin Kano zai gama da ita a mako guda. Tsohuwar ta saki ƙullin ta goge hannu a wandonta. Ta ce da Rahila shukar ba tata ba ce, ba za ta taɓa ba.

Kwana goma sha biyu ina kallon ƙullin nan. Takaba ta ƙare ranar Litinin. Na yi wanka, Rahila ta kitse min kai ta ƙunsa min lalle, matan 'yan kasuwa huɗu suka zo aka yi addu'a aka ci shinkafa. Aka ce in yi murmushi, na yi. Munkaila ya kai ni maƙabarta na tsaya daga inda ya nuna min na yi masa addu'a, na karanta duk abin da na iya, na dawo mota ina tunanin ko na ɗaure akwatin yara da kyau.

Jirgina ranar Alhamis ne da rana. Da safe an fitar da kaya, falo ya koma fili, Munkaila yana waje yana jayayya da direba a kan inda za a sa babban akwati. Na fita lambu. Apo tana can ta riga ni, da 'yar kujerarta. Rahila ta biyo ni ta tsaya a bakin ƙofa.

Na cusa yatsa a ƙasa, da danshi. Na durƙusa na kama ƙullin. Yana da tauri da sanyi. Na murɗa shi sau ɗaya ya rabu da reshen, ko ƙara bai yi ba.

Yana cikin tafina ne na tuna ban taɓa tambayar Alhaji kalar furen ba. Shekara biyu ina tsokanarsa a kan shukar nan, ban taɓa cewa ja ne ko fari ba. Na sa farce na tsaga shi. Ciki ganye ne sirara a nannaɗe, ɗaya kan ɗaya, a matse kamar cikin albasa. Na yi ta ɓarewa har tsakiya. Ba ja, ba fari, wani ruwan kore ne kawai mai haske.

"Tambaye ta," na ce da Rahila. "Wace kala ce?"

Suka yi 'yar maganarsu. Tsohuwar ta dubi abin da ke hannuna, ta yi magana a hankali, ba irin muryar da na saba ji ba. Na juya wajen Rahila.

"Me ta ce?"

"Ta ce kala ba ta shiga sai sanyi ya sauka. Ita ma ba ta sani ba." Ta gyara mayafinta. "Wai ta taɓa tambayar Alhaji. Ya ce shi ma bai sani ba. Mutumin da ya ba shi ya so shi gaya mishi, ya hana. Ya ce matarshi na nan zuwa daga gida, yana so su gani tare."

Na zauna a ƙasa da sabon zanina. Kukan ya ƙwace min, ban san muryata ba ce sai da na ga Munkaila ya shigo da gudu ya tsaya ya juya baya. Na yi kewarsa a lokacin, kewar da ta ƙi zuwa wata huɗu, ta zo gaba ɗaya. Ina kuka ina cewa da na leƙo daga kicin ɗin nan, da na leƙo. Tsohuwar ta sauko daga kujerarta ta riƙe wuyan hannuna da ƙarfi. Direba yana ta danna hon a bakin titi, ba wanda ya je ya ce masa ya jira.